Michael Faraday

Michael Faraday (22 ga Satumba, 1791 – 25 ga Agusta, 1867) masanin kimiyyar lantarki da sinadarai ne ɗan ƙasar Ingila. Ya yi fiye da shekara hamsin yana aiki a cibiyar Royal Institution da ke birnin Landan. Shi ne ya gano yadda ake samar da wutar lantarki ta hanyar motsa maganaɗisu kusa da waya, kuma a kan wannan ƙa'ida janareta da taransifoma suke aiki har yau. Ya kuma yi bincike mai zurfi a kan kapasita, wato ƙaramar na'urar da ke ajiye cajin lantarki, shi ya sa aka sa wa ma'aunin girman ajiyarta suna farad.

Ban da abubuwan da ya gano, an san Faraday da tantance abin da mutane suke iƙirari. Gwamnati da hukumomi da jama'ar gari sun sha kawo masa sabuwar fitila ko wani abin mamaki domin ya duba. Hanyarsa ɗaya ce a kullum: ya nemi inda ƙarfin yake fitowa, sannan ya auna shi. Wannan hanya ce ake bi har yanzu wajen tantance na'urorin da ake cewa suna kunna fitilar LED na tsawon lokaci da kapasita kaɗai.

Haihuwa da tasowa

An haifi Faraday a Newington Butts, wani yanki da yanzu yake cikin kudancin Landan. Mahaifinsa James Faraday maƙeri ne da ya taso daga arewacin Ingila neman aiki, sunan mahaifiyarsa Margaret. Michael shi ne na uku a cikin 'ya'ya huɗu. Gidansu gidan talakawa ne, mahaifin kuma yana yawan fama da rashin lafiya har ya rasu a 1810. Karatun da Michael ya samu a makaranta bai wuce karatu da rubutu da ɗan lissafi ba.

A 1804 ya fara aikin ɗan aike a shagon George Riebau, mai sayar da littattafai da ɗinke su. A shekara mai zuwa, yana ɗan shekara 14, Riebau ya ɗauke shi koyon sana'ar ɗinkin littattafai na tsawon shekara bakwai. A wannan shago ya yi karatunsa na gaske, domin yakan karanta littattafan da aka kawo ɗinki. Daga cikinsu akwai littafin Jane Marcet a kan sinadarai, da littafin Isaac Watts a kan gyaran tunani, da babin lantarki na kundin Encyclopaedia Britannica. Bai tsaya ga karantawa ba. Ya riƙa sayen kayan gwaji masu araha da 'yan kuɗinsa domin ya ga ko abin da littafi ya faɗa gaskiya ne, har ya haɗa injin tara caji da tsofaffin kwalabe. Daga 1810 ya fara zuwa laccocin John Tatum na dare, yayansa Robert ne yake biya masa kuɗin shiga.

Shiga Royal Institution

A 1812 wani mai hulɗa da shagon, William Dance, ya ba shi tikitin sauraron laccocin Humphry Davy, shahararren masanin sinadarai na Royal Institution. Faraday ya rubuta abin da ya ji, ya zana kayan gwajin, ya ɗinke takardun suka zama littafi, ya aika wa Davy tare da neman aiki. A ranar 1 ga Maris, 1813, aka ɗauke shi mataimaki a ɗakin gwaji.

Daga Oktoba 1813 zuwa Afrilu 1815 ya raka Davy tafiya zuwa Faransa da Italiya da Suwizalan. A birnin Faris ya ga André-Marie Ampère, a Milan kuma ya ga Alessandro Volta wanda ya ƙirƙiro batir. Tafiyar ba ta zo masa da sauƙi ba, domin an haɗa masa da aikin bara, matar Davy kuma ba ta ɗauke shi a matsayin masani ba. Duk da haka ya komo gida ya san manyan masana kimiyya na Turai ido da ido.

Ya ci gaba da hawa mataki-mataki. A 1823 ya mayar da iskar kulorin ruwa. A 1824 aka zaɓe shi ɗan ƙungiyar masana ta Royal Society. A 1825 ya gano sinadarin benzin, kuma a shekarar ce aka naɗa shi daraktan ɗakin gwaji. A 1833 ya zama farfesan sinadarai na cibiyar.

Aure da addini

Faraday ya auri Sarah Barnard ranar 12 ga Yuni, 1821. Ba su haihu ba. Su biyun 'yan wata ƙaramar ɗarika ce ta Kirista da ake kira Sandemaniyawa, wadda take koyar da sauƙin rayuwa da ƙin tara dukiya. A 1840 aka naɗa shi dattijon majami'arsu. Shi da matarsa sun zauna a ɗakunan saman ginin Royal Institution shekaru masu yawa.

Lantarki da maganaɗisu

A 1820 Hans Christian Ørsted na ƙasar Denmak ya gano cewa waya mai ɗauke da wuta tana karkatar da allurar kamfas. A watan Satumba na 1821 Faraday ya haɗa wata na'ura inda waya take kewaya maganaɗisu ba tsayawa muddin batir yana ba ta wuta. Wannan ne asalin injin da lantarki yake juyawa, irin na fanka.

Daga nan sai ya nemi akasin haka, wato samar da lantarki daga maganaɗisu. Ya gwada sau da dama cikin shekarun 1820 bai dace ba. A ranar 29 ga Agusta, 1831, ya naɗa wayoyi biyu dabam-dabam a jikin zoben ƙarfe guda, ya haɗa ɗaya da batir, ɗayar kuma da ma'auni mai allura. Allurar ta motsa a daidai lokacin da ya haɗa batirin da lokacin da ya cire shi, amma tsakanin nan ba ta motsa ba. Bayan 'yan makonni ya nuna cewa tura maganaɗisu cikin naɗaɗɗiyar waya yana haifar da wuta, ajiye shi a ciki kuwa ba ya haifar da komai. Ma'anar wannan ita ce, sai da canji ko motsi ake samun wuta, motsi kuma sai da abin da zai biya kuɗinsa, ko hannun mutum, ko ruwa, ko man fetur. Injinan tashar lantarki ta Kainji, da janaretan shago, da tartsatsin da ke tayar da injin ban-ruwa na manoman albasa a Aliero, duk a kan wannan ƙa'ida suke.

A 1833 da 1834 ya fitar da dokokin rarraba sinadari da lantarki, inda ya nuna cewa yawan sinadarin da ya rabu yana tafiya daidai da yawan cajin da ya wuce. Da taimakon William Whewell na jami'ar Kambirij ya samar da kalmomin anod da katod, waɗanda har yau su ne sunayen ƙafafu biyu na ƙwan LED. A 1833 ɗin kuma ya lura cewa sinadarin azurfa da farar wuta yana ƙara barin lantarki ya wuce idan ya yi zafi, saɓanin yadda ƙarafa suke yi. Ana lissafa wannan a cikin bayanai na farko a kan rukunin abubuwan da ake kira semikondakta, waɗanda da su ake yin LED. A 1845 ya gano cewa maganaɗisu yana iya shafar hasken da ya ratsa wani irin gilashi mai nauyi.

Aikinsa a kan kapasita

Kapasita ta farko ita ce kwalbar Leyden, wadda Ewald von Kleist da Pieter van Musschenbroek suka gano kowa da kansa a 1745 da 1746. Ƙirarta ba ta da wuya: faranti biyu na ƙarfe, da wani abu a tsakani da ba ya barin wuta ta wuce. Kafin Faraday, yawancin masana sun ɗauka abin da ke tsakanin ba shi da wani aiki illa raba farantan.

A watan Janairu na 1836 Faraday ya gina wani akwati mai tsawo da faɗi da tsayi ƙafa 12, ya lulluɓe shi da waya da fallen ƙarfe, ya caje shi har tartsatsi yana tashi daga jikinsa, sannan ya shiga ciki da ma'aunansa. Bai sami alamar caji a ciki ba. Irin wannan akwati shi ake kira kejin Faraday, kuma ana amfani da shi wajen kare na'ura daga lantarkin da ke waje.

A 1837 ya ƙera kapasita biyu masu girma ɗaya, kowace ƙwallon ƙarfe ce a cikin wata ƙwallon. Ya bar iska a tsakanin ƙwallayen ta farko, ta biyun kuma ya sa mata ƙaro ko gilashi ko farar wuta. Sai ya caja ɗaya, ya haɗa ta da ɗayar, ya auna yadda suka raba cajin. Mai ƙaro ko gilashi ta fi mai iska ɗauka. Da haka ya tabbatar cewa abin da ke tsakani yana ƙara girman ajiya, kuma kowane abu da nasa gwargwado. Henry Cavendish ya riga ya lura da wannan tun shekarun 1770, amma bai buga ba, sai a 1879 James Clerk Maxwell ya fitar da takardunsa.

Faraday ya kuma yi nazarin wani hali na kapasita da yake rikita mutane: bayan an sauke cajinta, idan aka bar ta ta huta, sai a tarar ɗan caji ya sake bayyana. Wannan ba sabon caji ba ne. Wani ɓangare ne na tsohon da ya maƙale a cikin abin da ke tsakani, yana fitowa a hankali. A 1853 da 1854, tare da injiniya Latimer Clark, ya nuna cewa doguwar wayar tangaraho mai rufi da aka nutsar a ruwa tana zama kamar babbar kwalbar Leyden, shi ya sa saƙo yake jinkiri a wayoyin ƙarƙashin teku.

A duk waɗannan gwaje-gwaje kapasita ba ta taɓa ba da fiye da abin da aka zuba mata ba. Kamar randa take: ana iya ƙara mata girma, ana iya rage yoyonta, amma ba ta zama rijiya.

Muhawara a kan tushen wutar batir

Tun da Volta ya ƙirƙiro batir a 1800, masana suka rabu biyu a kan inda wutarsa take fitowa. Volta da mabiyansa sun ce haɗuwar ƙarafa biyu mabambanta ita kaɗai ta isa. Wasu, kamar Auguste de la Rive na Janiba, sun ce aikin sinadari ne, kuma batir yana cinye kansa a hankali.

Abin da ya ƙara wa ɓangaren farko ƙarfi shi ne busasshen batir da Giuseppe Zamboni na Italiya ya ƙera a 1812, wanda aka yi da dubban faya-fayen takarda masu shafen ƙarfe. Irin wannan batir yana iya kaɗa ƙaramin lilo na shekaru ba tare da an ga alamar yana ƙarewa ba, har wasu suka riƙa kiransa motsi na har abada. Akwai wata ƙararrawa mai busasshen batir da aka kafa a jami'ar Okisfod a 1840, wadda har yanzu take bugawa, in ban da 'yan tsaiko da danshi ya jawo.

Faraday yana tare da masu cewa sinadari ne. A takardunsa na 1840 ya kawo gwaje-gwaje masu yawa da suke nuna cewa inda babu aikin sinadari wuta ba ta ɗorewa, ko da ƙarafa suna haɗe. Sannan ya kawo hujja ta hankali: in da haɗuwar ƙarafa kaɗai tana ba da wuta ba tare da wani abu ya ragu ba, to an samar da ƙarfi daga babu ke nan, abin da ba a taɓa gani ba a wani fanni. Ya faɗi haka shekara bakwai kafin Hermann von Helmholtz ya tsara dokar adana makamashi a 1847. Daga baya an fahimci cewa haɗuwar ƙarafa tana haifar da ɗan bambancin caji, amma makamashin da batir yake bayarwa daga sinadari yake fitowa. Ƙararrawar Okisfod ta daɗe ne domin abin da take ja daga batirinta a kowane bugu ɗan mitsitsi ne ƙwarai. Daɗewa ba hujja ba ce ta rashin ƙarewa.

Bai keɓe kansa daga wannan tsanani ba. A 1849 da 1850 ya nemi alaƙa tsakanin lantarki da ƙarfin da ke jan abubuwa zuwa ƙasa. Ya yi imani alaƙar tana nan, amma gwajinsa bai nuna ta ba, kuma haka ya buga sakamakon. Littafin da yake rubuta ayyukansa na kullum yana da sakin layi masu lamba fiye da 16,000, waɗanda suka haɗa da gwajin da ya yi nasara da wanda ya faɗi.

Gwajin tebur mai juyawa

A 1853 wani yayi ya mamaye Ingila. Mutane sukan zauna su ɗora tafin hannu a kan tebur, can sai teburin ya fara juyawa. Wasu sun ce ruhohi ne, wasu sun ce lantarki ne ko wani sabon ƙarfi da ba a sani ba. Wasiƙu suka yi wa Faraday yawa, sai ya shirya gwaji da mutanen da ya amince da gaskiyarsu.

Da farko ya jera kwalaye ɗaya bisa ɗaya, ya liƙa su da danƙo mai laushi, ya ja layi da fensir don ya san inda kowane yake, sannan ya sa su tsakanin hannuwa da tebur. In teburin ne yake jan hannuwa, kwalin ƙasa ne zai fi gusawa. Abin da aka gani akasin haka ne: na sama ya fi gusawa, wato hannuwa ne suke tura tebur. Daga nan ya ƙera wata na'ura mai dogon tsinke da yake karkata da zarar an tura gefe. Idan an ɓoye tsinken, teburin yakan motsa. Idan masu zaman suna kallonsa, sai su gyara hannuwansu, teburin kuma ya tsaya cik.

Ya buga sakamakon a jaridar The Times a ƙarshen Yuni, da mujallar Athenaeum a farkon Yuli na 1853. Bai zargi mutanen da yaudara ba, domin su kansu ba su san suna turawa ba. A 1854 ya yi lacca a kan tarbiyyar tunani, inda ya yi bayanin yadda mutum yake saurin gaskata abin da ransa yake so.

Fitilun bakin teku da ayyukan hukuma

Daga 1836 zuwa 1865 Faraday ne mai ba da shawarar kimiyya ga Trinity House, hukumar da ke kula da hasumiyoyin fitila masu nuna wa jiragen ruwa hanya. Duk wanda ya zo da sabuwar fitila, wurin Faraday ake tura shi. Yakan duba yawan haske, da yawan man da take sha, da kuɗin gudanarwa, da ko mai gadi zai iya riƙe ta dare bayan dare. Shi ne ya sa ido a kan gwajin fitilar lantarki ta Frederick Hale Holmes a hasumiyar South Foreland, wanda aka fara a watan Disamba na 1858. Injin tururi ne yake juya maganaɗisun da ke ba fitilar wuta, wato abin da Faraday ya gano a 1831. Ya kuma ƙirƙiro bututun fitar da hayaƙi daga fitilun mai domin kada gilashi ya dushe.

A 1844 gwamnati ta tura shi tare da Charles Lyell binciken fashewar mahaƙar kwal ta Haswell, inda mutum 95 suka mutu. Rahotonsu ya nuna cewa ƙurar kwal ta ƙara wa fashewar muni. A watan Yuli na 1855 ya rubuta wa jarida a kan ƙazantar kogin Thames, bayan ya jefa fararen katuna a ruwan ya ga sun ɓace wa ido tun ba su yi nisa ba.

Ya kuma ba da ƙarfi wajen koyar da jama'a. Ya gabatar da jerin laccocin Kirsimeti na yara sau 19 tsakanin 1827 da 1860. Wanda ya yi a kan kyandir an buga shi littafi a 1861.

Ƙarshen rayuwa

Daga wajen 1839 Faraday ya fara fama da jiri da mantuwa, abin da ya sa ya rage bincike na wasu shekaru. A 1857 aka nemi ya shugabanci Royal Society, ya ƙi. A 1858 ya koma wani gida a Hampton Court da Sarauniya Biktoriya ta ba shi ya zauna. Gwajinsa na ƙarshe, a 1862, neman tasirin maganaɗisu ne a kan hasken harshen wuta. Bai ga komai ba, sai a 1896 Pieter Zeeman ya gani da kayan aiki da suka fi nasa. Ya rasu ranar 25 ga Agusta, 1867, yana da shekara 75, aka binne shi a maƙabartar Highgate da ke Landan.

Hanyar Faraday da fitilar LED

Faraday bai ga LED ba. Henry Round ne ya fara ganin irin wannan haske a 1907, Oleg Losev na Rasha ya yi nazarinsa a shekarun 1920, Nick Holonyak ya ƙera jan LED a Amurka a 1962. Shuɗin LED, wanda daga gare shi ake samun farin haske, ya jawo wa Isamu Akasaki da Hiroshi Amano da Shuji Nakamura kyautar Nobel a 2014. A yau tocila da fitilar caji masu LED sun ture fitilar kananzir a gidaje da yawa a garuruwa irin su Jega da Aliero da Maiyama na Jihar Kebbi, kamar yadda suka yi a sauran arewacin Najeriya. Da yake wutar gwamnati ba ta tsayawa, duk na'urar da aka ce tana haske ba batir ba caji tana jan hankali. Ana yawan ganin bidiyoyi a intanet na ƙwan LED da aka ce ya yi makonni ko watanni yana ci da kapasita kaɗai.

Ana iya tantance irin wannan magana da lissafi mai sauƙi. Cajin da kapasita za ta bayar shi ne girmanta a farad sau yawan bolt ɗin da ta sauka. Lokacin da za ta ɗauka kuma shi ne wannan caji a raba shi da wutar da ƙwan yake ja. A ɗauki babbar kapasita mai farad 1 da aka caja zuwa bolt 5. Jan LED yana buƙatar kusan bolt 2, saboda haka bolt 3 ne ake da su na amfani, wato caji kulom 3. Idan ƙwan yana jan miliampiya 20, wanda shi ne cikakken haskensa, zai yi daƙiƙa 150, wato minti biyu da rabi. Idan aka rage zuwa miliampiya 1, zai yi minti 50. Idan aka rage zuwa maikro'ampiya 10, zai yi daƙiƙa 300,000, kusan kwana uku da rabi. A wannan mataki ana iya hango ɗigon hasken a ɗaki mai duhu, amma ba a karatu da shi.

Wannan ya nuna cewa wasu daga cikin bidiyoyin ba ƙarya ba ne, sai dai ba abin mamaki a ciki, labarin ƙararrawar Okisfod ne ya maimaitu. Amma lissafin yana kuma nuna iyaka. Domin ƙwan ya shekara yana jan maikro'ampiya 10, ana buƙatar kulom 315, wato fiye da farad 100, ban da cajin da kapasita take zubarwa da kanta. Kapasita mai maikrofarad 1,000 irin ta cikin rediyo minti 5 kawai za ta yi. Ta fankar sama, mai maikrofarad 2 zuwa 3, ba za ta kai daƙiƙa ɗaya ba a wannan bolt. Makamashin da ke cikin kapasita mai farad 1 a bolt 5 jul 12.5 ne, alhali ƙaramin batirin AA mai kyau yana riƙe da wajen jul 10,000.

Idan na'ura ta wuce abin da lissafi ya bayar, tambayar da Faraday ya yi wa batir da tebur ita ce ta dace: daga ina ƙarin yake shigowa? Wuraren da aka saba samu su ne ɓoyayyen batir, ko waya da ta taɓa ƙasa ko jikin mutum tana tsintar ɗan lantarki daga wayoyin gida, ko ma'aunin da ake gwaji da shi, domin shi ma da batirinsa a ciki. LED kansa yana samar da 'yar wuta idan haske mai ƙarfi ya buge shi. Dawowar caji bayan an sauke kapasita kuwa, tsohon cajin nan ne da Faraday ya yi nazari. Wasu na'urorin suna kunna ƙwan suna kashewa da saurin da ido ba ya kamawa, ko su yi amfani da naɗaɗɗiyar waya su tatse ragowar batirin da aka ɗauka ya mutu. Wannan dabara ce ta tattali, ba ta ƙara makamashi.

Gwajin da ya dace shi ne a auna bolt a farko da ƙarshe, a auna wutar da ƙwan yake ja, a rubuta lokaci, a rufe na'urar cikin gwangwanin ƙarfe wanda zai zama mata kejin Faraday ya kuma tare haske, sannan a ba wani ya maimaita da kayansa. Hasken da ido ya gani ba ma'auni ba ne, domin ido yana sabawa da duhu, kyamarar waya kuma tana ƙara wa hoto haske da kanta. Waɗannan gwaje-gwaje ba su fi ƙarfin ɗalibin sakandare mai ma'auni da agogo ba, balle ɗaliban jami'ar kimiyya da fasaha da aka kafa a Aliero a 2006.

Tunawa da shi

Faraday bai yi zurfi a lissafi ba, da zane da layukan ƙarfi yake bayyana tunaninsa. Maxwell ne ya mayar da wannan tunani lissafi, tun daga takardar da ya gabatar a 1855 da 1856. Latimer Clark da Charles Bright ne suka fara kawo shawarar kalmar farad a 1861, babban taron masana lantarki na Faris kuma ya amince da ita a matsayin ma'aunin kapasita a 1881. Hotonsa ya kasance a kan takardar fam 20 ta Bankin Ingila daga 1991 zuwa 2001. Ɗakin gwajinsa da zoben ƙarfen 1831 suna nan a gidan tarihi na Royal Institution, laccocin Kirsimeti kuma ana ci gaba da yin su kowace shekara.